Kunkurun teku da ragar masunci: Yadda dokar kare dabbobi ke cin karo da sana'ar su a gaɓar tekun Najeriya

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, wadda ta tashi daga Badagry a Jihar Legas ta ratsa Ogun da Ondo da Delta da Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom, ta ƙare a Kuros Riba. A tsawon wannan gaɓa akwai ɗaruruwan ƙauyukan masunta, kama daga na Egun da Ilaje a yamma har zuwa na Ijaw da Andoni da Ibeno a gabas, kuma rayuwarsu gaba ɗaya ta rataya ne a kan abin da raga ta fito da shi.

Ruwan da suke su a cikinsa shi ne kuma mazaunin wasu dabbobi da adadinsu ya ragu matuƙa a duniya, har dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin duniya suka hana kamawa ko kashewa ko sayar da su. Manya daga cikinsu su ne kunkurun teku da dolfin da ayu. Babu masuncin da ke kafa raga da izinin dabbar da za ta faɗa ciki, don haka kusan kullum ana samun waɗannan dabbobi a cikin ragar da aka kafa wa kifi. A nan ne takaddamar take: doka ta ce a saki dabbar, amma ba ta faɗi wanda zai biya kuɗin ragar da ta yage ba.

Dabbobin da ake magana a kansu

Daga cikin nau'o'i bakwai na kunkurun teku da ake da su a duniya, an san aƙalla huɗu a ruwan Najeriya. Akwai mai launin zaitun, wanda shi ne aka fi gani. Akwai koren kunkuru mai kiwo a kan ciyawar ƙarƙashin teku, da mai bakin shaho wanda aka daɗe ana farauta saboda kyan ƙoƙon bayansa. Na huɗun shi ne mai bayan fata, wanda ya fi kowane kunkuru girma a duniya, domin babba daga cikinsu yakan haura kilo 400.

Kunkurun teku ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, dole ne ya riƙa tasowa saman ruwa yana shaƙar iska. Idan raga ta riƙe shi a ƙasa, yana fafutikar ƙwacewa, iskar da ke jikinsa takan ƙare da wuri ya mutu. Haka lamarin yake ga dolfin da ayu, waɗanda su ma masu numfashi da huhu ne, kuma suna shayar da 'ya'yansu nono.

Abin da ya sa mutuwar kunkuru guda take da nauyi shi ne jinkirin hayayyafarsa. Macen takan shafe shekaru goma zuwa talatin, gwargwadon nau'inta, kafin ta fara ƙwai. Idan lokaci ya yi, sai ta fito bakin teku da dare, ta haƙa rami a cikin yashi, ta zuba ƙwai kimanin ɗari, ta binne ta koma ruwa. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su nufi teku, inda kaguwa da tsuntsaye da manyan kifaye ke jiransu. Ƙiyasin da masana suka saba bayarwa shi ne ɗaya cikin dubu ne ke kaiwa ga girma. Saboda haka idan aka yanka uwa guda, an yi asarar abin da teku ya ɗauki shekaru masu yawa yana renonsa. A yankin Tekun Gini kuwa, lokacin zuba ƙwai ya fi faɗawa a watannin rani, daidai lokacin da teku ke lafawa masunta suke yawaita fita.

Akwai kuma wani nau'in dolfin mai ƙusumbi a baya wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a gaɓar yammacin Afirka, daga Yammacin Sahara zuwa Angola. Yana zama ne a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, wato daidai inda ƙananan masunta ke kafa ragarsu. A shekarar 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi a rukunin dabbobin da ke gab da ƙarewa, bisa ƙiyasin cewa waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba.

Shi kuwa ayu ba baƙo ba ne ga Hausawa, domin Sarkawa sun san shi a kogin Neja da na Binuwai. Yana rayuwa a bakin teku da mashigar koguna da ƙoramun yankin Neja Delta da tafkunan Legas. Ciyawa ce yawancin abincinsa, kuma macen ɗa guda take haifa bayan cikin kusan shekara ɗaya, sannan ta daɗe tana reno kafin ta sake ɗaukar wani. Ana farautarsa saboda nama da kitse, kuma man ayu da ake tallarsa a kasuwannin Arewa a matsayin magani yana daga cikin abubuwan da ke ƙara wa dabbar daraja a idon mafarauci.

Abin da doka ta tanada

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fara shiga yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975 domin taƙaita cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa. Duk nau'o'in kunkurun teku suna cikin rukunin farko na yarjejeniyar, wanda ya haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. A taron da aka yi a Bangkok a 2013 aka ɗaga ayun Afirka zuwa wannan rukuni. Kafin nan, a 1999, an ƙulla wata yarjejeniyar fahimtar juna a Abidjan domin kare kunkurun teku a gaɓar Atlantika ta Afirka.

A cikin gida akwai dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda tararta ta farko ta tsaya a naira 1,000 har tsawon shekaru, kafin a yi mata gyara a 2016 aka ƙara tarar sosai. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke da alhakin tilasta bin dokokin muhalli. Ta fuskar su kuma, akwai dokar kamun kifi a teku ta 1992, wadda ƙa'idojinta suka hana manyan jirage jan raga a cikin mil biyar na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita tara. An ware wannan yanki ne domin ƙananan masunta da kuma kare wuraren da kifi ke hayayyafa.

A takarda, tanadin ya yi kyau. Sai dai yawancin ƙauyukan masunta a Neja Delta ba mota ke zuwa ba, sai jirgin ruwa, kuma babu hukumar da ke da ma'aikatan da za su tsaya a kowace mashiga su duba abin da kowane kwale-kwale ya sauke. A zahiri, hukuncin ko kunkuru zai rayu ko zai mutu yana hannun mutum biyu ko uku da ke cikin kwale-kwale, nesa da idon kowa.

Lissafin masunci

Domin fahimtar abin da ke sa masunci ya ƙi sakin kunkuru, sai an duba lissafin da yake yi a lokacin da ya tarar da shi a cikin raga.

Yawancin ƙananan masuntan teku suna amfani ne da kalli, wato doguwar raga ta zaren roba da ake shimfiɗawa a cikin ruwa kamar katanga, kifi ya zo wucewa ya maƙale. Takan kwana a ruwa ko ta shafe sa'o'i masu yawa. Idan babban kunkuru ya faɗa ciki, yakan nannaɗe ta a wuyansa da hannuwansa, ya yayyaga wani sashe mai faɗi. Kifin da aka riga aka kama yakan zube. Hanya mafi sauƙi ta fitar da shi da rai ita ce a sa wuƙa a ƙara yanka ragar. Daga nan masuncin zai koma gida da ragar da sai ya zauna kwana da kwanaki yana ɗinki, kuma duk ranar da yake ɗinki bai fita su ba.

Zaren raga da injin kwale-kwale daga waje ake shigo da su, don haka faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashinsu. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin kowace fita. Masunta da yawa kuma da bashi suke sayen kayan aiki, galibi daga hannun mata 'yan kasuwar kifi, waɗanda ake biya da abin da aka kamo. Ga mutumin da ke cikin wannan hali, kunkurun da ya ɓata masa raga shi ne kaɗai abin da zai iya sayarwa ya rage asara: naman yana da masu saye, ƙwan yana da masu saye, ƙoƙon bayan ma haka. Idan ya saki dabbar, ya yi asarar raga da kifi da mai, babu wanda ya sani balle ya gode masa. Idan ya yanka ta, ya mayar da wani abu, kuma da wuya doka ta ji labari.

Akwai wani ƙorafi da ke ƙara dagula lamarin. Ƙananan masunta sun daɗe suna kuka da cewa wasu manyan jirage suna kutsawa cikin yankin mil biyar da aka hana su, musamman da dare, suna kwashe ƙananan kifi suna tsinka musu raga. Suna kuma ganin yadda malalar ɗanyen mai da yasar yashi da gine-gine a bakin teku ke lalata wuraren da kunkuru ke zuba ƙwai, ba tare da sun ga an hukunta kowa a gabansu ba. Mutumin da ya ga dokar da aka yi domin kare shi ba ta aiki, da wuya ya girmama wadda aka yi domin kare kunkuru.

Darasin jiragen jatan lande

Wani ɓangare na wannan matsala an riga an sami maganinsa, kuma yadda aka yi yana da abin lura. Manyan jiragen da ke kamun jatan lande suna jan wata babbar raga mai siffar buhu a ƙasan teku na tsawon sa'o'i, tana kwashe duk abin da ta tarar. A shekarun baya wannan hanya ce ta fi kashe kunkurun teku a sassan duniya da dama.

Masana harkar kifi na gwamnatin Amurka suka ƙirƙiro wata na'ura da ake kira TED. Ba wani abu mai wuyar fahimta ba ne: ƙarafa ne da aka jera kamar na tagar gida, da tazarar da ba ta wuce santimita goma ba, aka kafa su a karkace a cikin wuyan ragar. Jatan lande yakan bi ta tsakanin ƙarafan ya wuce cikin buhu, shi kuwa kunkuru ya yi karo da su, su zame da shi zuwa wata ƙofa da aka bari a jikin ragar ya fice. Gwaje-gwaje sun nuna cewa idan an ɗaura ta daidai tana tsirar da kusan kashi 97 cikin 100 na kunkurun da suka shiga.

A 1989 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta hana shigar da jatan landen teku daga duk ƙasar da jiragenta ba sa kare kunkuru kamar yadda na Amurka ke yi. Indiya da Malesiya da Pakistan da Tailan suka kai ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. A hukuncin 1998 an amince cewa ƙasa tana da ikon ɗaukar irin wannan mataki domin kare halittu, ko da yake an ga laifin Amurka a kan nuna bambanci wajen aiwatarwa. Najeriya, wadda jatan lande ke cikin kayan tekun da take samun kuɗin waje da su, ta wajabta wa jiragenta ɗaura na'urar tun a 1996. Akwai lokacin da Amurka ta janye shaidar amincewar da ta ba Najeriya saboda sakaci wajen bin ƙa'idar, daga baya ta mayar da ita bayan an gyara, tare da aikin horarwa da Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya, NIOMR, da ke Legas ta taka rawa a ciki.

Kamfanonin jiragen sun yi ƙorafin cewa wani kaso na kifi da jatan lande yana bin ƙofar ya tsere, amma sun ɗaura na'urar, domin rashin ɗaura ta yana nufin rasa kasuwa. Jiragen kuma ba su da yawa, suna da rajista, kuma tashoshin da suke sauke kaya sanannu ne, ana iya zuwa a duba su. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai shafi mai kwale-kwale ba. Kifinsa a ƙauye ake ƙyafe shi a sayar a kasuwannin cikin gida, babu mai saye daga waje da zai gindaya masa sharaɗi, kuma na'urar TED ba ta aiki a jikin kalli. Alhali ƙananan masunta su ne ke samar da mafi yawan kifin da ake kamawa a ruwan Najeriya.

Abin da aka gwada a wasu ƙasashe

A wuraren da aka sami ci gaba da ƙananan masunta, an fara ne daga asarar da suke yi. A gaɓar Jamhuriyar Kongo, kusa da birnin Pointe-Noire, wata ƙungiya mai suna Renatura ta soma wani shiri a 2005: duk masuncin da ya kira jami'anta aka saki kunkuru da rai, za a duba ɓarnar da aka yi wa ragarsa a ba shi zaren gyara. An zaɓi bayar da kayan gyara maimakon kuɗi domin kada shirin ya zama dalilin da wani zai riƙa kamo kunkuru da gangan. Ta wannan hanya an saki dubban kunkuru. A Watamu da ke gaɓar Kenya ma akwai makamancin shirin tun 1998, inda ake ba masunci ɗan abin da zai rage masa asarar lokaci da raga, kuma adadin sakin da aka yi ya haura 20,000.

Hanya ta biyu ita ce hana dabbar shiga ragar tun farko. A mashigin Sechura na ƙasar Peru, masu bincike sun ɗaura ƙananan fitilu masu koren haske a jikin kalli, inda suka gano cewa kamun koren kunkuru ya ragu da kimanin kashi 64 cikin 100, ba tare da kifin da ake nema ya ragu ba. Hasken yana sa kunkuru ya ga ragar ya kauce. An maimaita gwajin da masuntan Ghana, aka sami sakamako mai kyau. Cikas ɗin shi ne kuɗin fitilun da na batir, wanda masuncin da ke bin bashin raga ba zai ɗauka da kansa ba.

Hanya ta uku ita ce mayar da masu farauta su zama masu gadi. A yankin Akassa na Jihar Bayelsa, al'umma ta taɓa kafa shirin lura da kunkuru da ramukan ƙwansu a ƙarƙashin gidauniyar raya yankin, kuma a Legas masu rajin kare dabbobi sukan fanshi kunkurun da aka kamo su mayar da shi teku. Fansar tana ceton rai guda, amma tana da haɗari: idan aka san akwai mai biyan kuɗi mai tsoka a kan kunkuru mai rai, an buɗe masa sabuwar kasuwa ke nan.

Abin da ke gaban hukumomi

A watan Agustan 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arziƙin Ruwa, kuma sashen kula da kamun kifi ya koma ƙarƙashinta. Alƙaluman da hukumomi suka saba bayarwa sun nuna cewa ƙasar tana buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan da yawa ba. Saboda haka akwai matsin lamba na a ƙara yawan kifin da ake kamawa, kuma ƙarin raga a ruwa yana nufin ƙarin dabbobin da za su faɗa ciki.

Kare waɗannan dabbobi yana da amfani ga masuncin kansa. Koren kunkuru yana kiwon ciyawar teku yana hana ta ruɓewa, kuma a cikin wannan ciyawa ne ƙananan kifaye ke girma. Mai bayan fata yana cin wasu halittun teku masu yauƙi da harbi, waɗanda idan suka yi yawa suke cinye ƙwan kifi kuma su cika raga. Ayu yana rage ciyawar da ke toshe hanyoyin ruwa. Amma wannan amfani na kowa ne kuma sai a hankali ake ganinsa, ita kuwa ragar da ta yage ta mutum ɗaya ce, kuma gobe yake buƙatarta.

Matakan da suka yi aiki a wasu wurare ba su fi ƙarfin Najeriya ba. Na farko shi ne tsare yankin mil biyar daga kutsen manyan jirage, domin masunta su ga cewa doka tana kare su su ma. Na biyu shi ne tanadin zaren gyara ta hannun ƙungiyoyin masunta da sarakunan ƙauyuka ga duk wanda ya saki dabba da rai a gaban shaidu. Na uku shi ne gwada fitilun raga a wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka a lokacin zuba ƙwai. Na huɗu kuma shi ne a karkata hukunci zuwa ga masu farauta da gangan da dillalan nama da ƙwai da man ayu, a bambanta su da wanda dabba ta faɗa wa raga bisa tsautsayi, domin idan masunci ya san za a kama shi in ya kawo rahoto, zai ɓoye ne kawai.

Duk waɗannan matakai suna buƙatar a zauna da masuntan kafin a zartar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne suka san watan da kunkuru ke yawaita da mashigar da ayu ke bi da irin ragar da ta fi kama dolfin, kuma har yanzu Najeriya ba ta da wasu idanu a kan teku da suka kai nasu yawa.